Kafaɗar Dogo

Ina cikin goge ƙafar wani tebur da samfefa, Mai Walda ya leƙo shagona, tabaran aikinsa a goshi. Ya ce, "Kafinta, ajiye wannan. Dogo ya faɗi a keke."

Shekara goma sha tara bango ɗaya ne tsakanin shagona da nasa, kuma ban taɓa jin ya faɗi magana bai haɗa ta da tsiya ba. Da na ga babu dariya a fuskarsa, sai na ajiye samfefar.

Na ce, "Da ransa?"

"Kai dai Allah ya yi ka da tsoro. Da ransa mana, har yana masifa da mai motar da ya buɗe masa ƙofa a gaba. Kafaɗa ce. Rufe shagon mu tafi."

Ban ma rufe ba. Sai da yamma na tarar wani ya ja mini ƙofar ya tokare ta da dutse.

Dogo ɗana ne, ƙanin Yaya. Su biyu ke nan Allah ya ba ni. Ita tun ranar da aka haifi ƙaninta sunanta ya ɓace, har ni ubanta Yaya nake ce mata. Ta yi aure, tana koyarwa a firamare. Shi kuwa tun tasowarsa ba shi da buri sai aikin 'yan kwana-kwana. Sau biyu yana nema ana ce masa babu gurbi. A karo na uku takarda ta zo cewa an ɗauke shi, za a shiga horo nan da mako goma sha huɗu, kuma ranar farko za a sake gwada su: hawan igiya, ɗaga tsani sama da kai, jan tiyo cike da ruwa. Ba sa ɗaukar wanda ya cika shekara ashirin da biyar, shi kuma saura wata bakwai ya cika. Kwana huɗu da zuwan takardar ya faɗi.

Mun same shi zaune a bakin gadon asibiti, an yanke masa riga da almakashi, ya tallabe hannunsa na dama da na hagu kamar mai riƙe da jariri. Kafaɗar ta zubo gaba. Tsakanin gindin wuya da kan kafaɗa, inda ƙashin nan yake miƙe a kwance, wani tudu ya taso a ƙarƙashin fata.

Yana ganinmu ya ce, "Baba, ina keken?"

Mai Walda ya ce, "Yana gaishe ka. Ya ce shi ma jinya yake."

Likitar mace ce, gajera, da gani ba ta girmi Yaya da yawa ba. Ta maƙala hoton ƙashin a jikin fitila. Ni karatuna bai wuce aji shida ba, amma wannan hoton na karanta shi tun ba ta buɗe baki ba, don kullum irinsa ake kawo mini shago. Karaya ce a karkace, irin ta sandar kujera in ƙato ya jingina da ƙarfi. Bakin nan ya hau kan wancan, ga wani ɗan guntu ya tsaya a tsakani.

Ta ce, "Baba, hanya biyu ce, kuma ba zan ɓoye muku komai ba. Ta farko, mu ɗaure shi mu bar jiki ya yi aikinsa. Yawancin masu karyewa a nan haka suke warkewa, ba wuƙa ba ɗinki. Sai dai nasa ya goce da yawa. Zai iya haɗewa a gajarce, kafaɗar ta rage ƙarfi in zai ɗaga abu sama. Zai kuma iya ƙin haɗewa sam. Ta biyu, mu yi masa aiki cikin makon nan, mu daidaita ƙashin, mu ɗora ɗan siririn ƙarfe mu ɗaure da sukuru shida ko bakwai. Wannan ma da nata haɗarin. Wurin zai iya yin ruwa, zai bar tabo, wani lokaci ƙarfen ya dami mutum sai an cire. Amma ya ba ni labarin takardarsa. In ƙanina ne, aiki zan ce a yi."

Na ce, "Za a sa shi barci?"

"Za a sa shi barci."

Daga nan ban ƙara jin abin da take faɗa ba.

Shekara goma sha ɗaya kafin wannan rana, wani likita mai fara'a ya ce mini ƙaramin aiki ne, tsakuwa ce a matsarmamar matata, awa ɗaya an gama. Uwarsu ta cire 'yan kunnenta ta ce in riƙe mata, ta ce kada in manta akwai wanki a igiya. Ni na sa hannu a takarda, da biron da nas ta ara mini. Na zauna a benci ina kallon ƙofar ɗakin tiyata, awa ɗaya, awa biyu, awa huɗu. Aikin ya yi kyau, in ji su. Farkawa ce ba ta yi ba. Babu wanda ya yi kuskure, an yi mini bayani har sau uku, zuciyarta ce. Na koma gida da 'yan kunne a aljihu, na kwashe wankin.

Dogo ya isa ya sa hannu da kansa, likita ma ta faɗa masa. Amma sai ya juyo yana kallona, ita ma ta juyo, har Mai Walda.

Na ce, "A ɗaure."

Ta dubi Dogo. "Kafaɗarka ce fa, ba ta Baba ba."

Ya sunkuyar da kai. "Abin da Baba ya ce."

Ba ta yi musu ba. Ta ce to, amma lallai mu dawo bayan mako biyu a sake hoto. In ƙashin ya ƙara gocewa, har lokacin akwai sauran dama a yi aikin ya riski horonsa. Ta maimaita: mako biyu, ba uku ba.

Nas ta kawo wata ɗamara da ke zagaye kafaɗu biyu, ta bi ta hammata ta haɗe a tsakiyar baya. Tana da ramuka da ɗan ƙarfe irin na bel. Ta ja har ƙirjinsa ya buɗe, ta sa a rami na uku, ta zagaye ramin da biro. Ta ce mini, "Baba, nan ne wurinsa. In ya yi wanka, a mayar nan."

Yaya ta iso gida kai tsaye daga makaranta, jakarta cike da littattafan yara. Ko zama ba ta yi ba.

"Baba, me na ji? An ce a yi aiki ka ce a'a?"

"Ba a ce a yi ba. An ce hanya biyu ce."

"Ta ce in ƙaninta ne fa!"

"To ba ƙaninta ba ne."

Na zaunar da ita na yi mata bayani yadda na yi wa kaina a hanya. Na ce shekara talatin ina gyaran abin da ya karye. Duk kujerar da aka dawo mini da ita ta sake karyewa, a wurin sukuru take tsagewa, don ƙarfe da katako ba sa tafiya tare. Wadda kuwa na shafa wa gam, na matse ta da ƙarfen matsi, na ba ta kwanakinta, sai dai ta karye a wani wurin, amma ba a nan ba.

Ta ce, "Baba, ba kujera ba ce. Babu gam a jikin mutum."

"Akwai. Wanda ya yi jikin ya sa nasa."

Sai ta ce a hankali, "Ka dai faɗi gaskiya. Mama ce."

Ba mu saba taɓa wannan maganar a gidan ba. Na tashi na shiga gyara labulen taga da babu abin da ya same shi.

Dogo ya ce daga kan kujera, "Yaya, ƙyale shi. Ai likita ta ce yawanci suna warkewa."

"Yawanci ba sa hawan igiya, sakarai! Kai ba ka da baki ne? Dogon banza, tsawo kamar falwaya, amma a tambaye ka kafaɗarka sai ka ce a tambayi Baba."

Ya yi dariya, dariyar ta taɓa masa ciwon, ya runtse ido. Ta fita tana share hawaye da gefen mayafi, ta manta jakarta, sai da mijinta ya zo ya ɗauka.

Washegari Mai Walda ya shigo ya zauna a kan teburin da ban gama ba.

"Ku masu katako komai sai a jira ya bushe. Da ni aka kawo wa, minti biyar na ɗige shi da wuta ya tashi ya kama gabansa."

"Shi ya sa duk ƙofar da ka yi take kuka."

"Tana kuka, amma tana tsaye." Ya ɗauki guntun katako yana juyawa. "Kafinta, ni fa sau biyu ana sa ni barci. Ga ni nan ina damunka."

Na ce, "Ai irinku ko an roƙa ba kwa tafiya."

Muka yi dariya, ya tashi. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya sauke tabaransa ya koma wurin aikinsa.

Tun da na zaɓi wannan hanya, na ɗaura niyyar ba za a same ni da sakaci ba. Na daina fita shago da wuri. Na ƙera masa wani abin jingina mai gangara don ya riƙa kwana a zaune. Ni nake yi masa wanka, ni nake sa masa riga, abin da rabona da shi tun yana aji ɗaya. Kowace safiya in ya karya kumallo sai ya zauna a kujera ya juya mini baya, in bi ƙashin da yatsa a hankali, in mayar da ɗamarar.

A rana ta huɗu na lura ta saki. Kumburi ya sauka, zaren ya miƙe, yatsuna biyu suna shiga ƙarƙashinta. Duk wanda ya taɓa haɗa katako ya san abin da ake yi a nan. Ba a ɗaura ƙarfen matsi a tafi. Ana dawowa a ƙara masa juyi ɗaya, don katako yana zama, in ba ka bi shi ba sai haɗin ya buɗe ba ka sani ba. Na wuce ramin da nas ta zagaye na sa a na huɗu. Kafaɗun suka ja baya, tudun nan ya ɗan kwanta. Na ga da idona ya kwanta.

"Baba, ta matse."

"Aikinta ke nan."

Bayan kwana uku na sa a na biyar, wanda shi ne na ƙarshe. Da ta sake saki, na tafi da ita shago cikin aljihu bayan na yi masa wanka, na auna faɗin yatsa ɗaya, na huda sabon rami da ƙusa. Na yi shi da kyau, na ƙona bakinsa da ashana don kada zare ya warware. Har wani daɗi na ji a raina cewa ga abin da nas ba ta yi tunaninsa ba.

Ranar komawa asibiti ta faɗo ran Talata. Tun Litinin na fara neman hanyar zillewa. Na san abin da zai faru. Za ta maƙala hoto ta ce ya goce, ta ce har yanzu akwai dama, kowa ya juyo ya dube ni. Da safe na ce wa Dogo akwai kabad da zan kai wa mai shi, a bari sai wani makon. Kabad ɗin tun Asabar aka ɗauke shi. Na ƙara da cewa abin da yake kamawa ba a yawan motsa shi, shiga mota da fita ba za su amfane shi ba.

Ya ce, "To, Baba."

Da Yaya ta bugo waya na ce mata, "An gani. An ce a ci gaba." Yana zaune a gefena yana jina. Bai ɗago kai ba.

Wani makon ya zo ya wuce, wani ma haka. Na huda rami na biyu, sannan na uku.

Alamu sun zo, ba zan ce ba su zo ba. Hannunsa yakan tashi a kumbure da safe. Ya fara cewa ƙaramin yatsansa da na kusa da shi suna yi masa kamar tururuwa na bi. Na ce jini ne yake neman hanya, ya riƙa murza su. Wata rana da hantsi na miƙa masa kofin shayi, ya karɓa da dama don ya nuna mini yana samun sauƙi, kofin ya zame kamar babu kowa a riƙe da shi. Muka tsaya muna kallon shayin yana bin siminti. Ya ce, "Santsi ne da shi." Na ce, "Santsi ne." Fatar hammatarsa ta saɓule, haka saman kafaɗar inda ɗamarar take bi. Na sayo auduga da man shafawa ina cusawa a ƙarƙashi. Ban taɓa tunanin in sassauta ba. A ganina in na sassauta, duk wahalar da ya sha ta tashi a banza.

Shi kuwa bai daina shiri ba. Takardar tana manne a bangon ɗakinsa. Kullum da yamma yakan fita ya zaga layinmu da sauri sau goma don kada ƙafafu su mutu, mutane suna yi masa sannu yana amsawa da ka.

A mako na shida Yaya ta zo ran Asabar da abinci. Ta ga yana ci da hagu, hannun dama yana kan cinya, yatsu biyu sun lanƙwashe. Ta ce ya miƙe su. Ya kasa. Ta zagaya bayansa ta ɗaga riga, audugar ta biyo da ruwan ciwo. Ta ga ramukan da na huda, bakinsu baƙi da ƙunar ashana.

Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta kwance ɗamarar ta naɗe ta sa a jaka. Ta ce, "Baba, likita ta ga wannan?"

Ta matso gabana.

"Kun koma kuwa?"

Dogo ya ce, "Yaya…"

"Ba da kai nake ba."

Na ce, "Ba mu koma ba."

Ta kira mijinta ya kawo mota.

Likita ta daɗe tana duba shi. Ta sa ya rufe ido tana taɓa yatsunsa da bakin biro tana tambaya ko ya ji. Ta danna tudun a hankali, na ga ƙashin ya motsa a ƙarƙashin fata, ashe ko kaɗan bai kama ba. Aka sake hoto. Yaya ta ciro ɗamarar ta ajiye a tebur. Likita ta ɗaga ta, ta ƙirga ramukan da yatsa.

"Wa ya huda wannan?"

"Ni ne."

"Me ya sa, Baba?"

Na fara yi mata bayanin katako da yadda yake zama, sai na ji muryata a ɗakin, na kasa ƙarasawa.

Ta zauna. Ba ta ɗaga mini murya ba. Ta ce, "Zan gaya maka abin da na sani da wanda ban sani ba. Ƙashin bai haɗe ba. Ba zan ce matsin ne ya hana shi ba, akwai waɗanda ba sa haɗewa ko me aka yi. Amma yatsun nan matsin ne, jijiyar da ke bi ta hammata aka danne. Sau da yawa tana dawowa, sai dai a hankali, kuma ban yi alkawari ba. Yanzu dole a yi aikin. Ba kuma zan iya yanka fatar da ke da gyambo a gefenta ba, sai ta warke, mako uku ko fiye."

Dogo ya yi lissafinsa a zuci, na ga leɓensa yana motsi. Ya ce, "Likita, in an yi a mako na tara, saura biyar. In na dage fa?"

"Ba za ka hau igiya a mako biyar ba. Ko a goma ban ba ka izini ba."

"Da mun zo ranar da kika ce fa?"

Ta dube ni, ta dube shi. Ta ce, "Da an yi ƙoƙari."

Muka shiga mota. Mijin Yaya ya kunna rediyo, ya sake kashewa.

Ran Litinin Dogo ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ofishin 'yan kwana-kwana da takardar likita, ko za su ɗaga masa zuwa ɗauka ta gaba. Na ce in raka shi, ya ce a'a. Ya dawo da azahar ya same ni a shago. Ya ce mutumin da ya gani mutumin kirki ne, har kujera ya ba shi, ya nuna masa dokar a rubuce. Ba a ɗagawa. Ɗauka ta gaba kuma sai bayan ya wuce shekarun. Ya faɗi wannan yana tsaye yana kallon garin katako a ƙasa. Sannan ya tambaye ni ko akwai abin da zai riƙe mini da hagu. Na ce babu. Ya ce to, ya tafi gida. Mai Walda ya kashe injinsa, bai sake kunnawa ba har muka tashi.

Ranar aikin, ƙarfe takwas na safe aka kawo takarda. Nas ta nufo ni da ita, ganin ni ne babba. Dogo ya ce, "Kawo nan." Ya ɗora ta a gwiwa ya sa hannu da hagu, rubutun ya fito kamar na ɗan aji biyu. Ya ba Yaya wayarsa da agogonsa. Aka tura shi.

Benci ne irin wancan, ƙofa irin waccan. Yaya ta zauna a can ƙarshe, rabonta da yi mini magana in ba gaisuwa ba tun ranar Asabar ɗin nan. Na zauna, na tashi, na ƙirga tayil ɗin ƙasa daga bango zuwa bango, na manta adadin na sake. Duk addu'ar da na sani na yi ta, wasu na haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan. Da awa biyu ta cika, numfashina ya fara yankewa, na dafa bango. Sai na ji hannu a kafaɗata. Yaya ce. Ta ce, "Zauna, Baba, kada su fito da ɗaya su shiga da ɗaya." Ta zaunar da ni ta bar hannunta a cikin nawa.

Awa uku saura kaɗan likita ta fito, hularta a hannu. Ta ce an gama, sukuru takwas, sai da suka ɗan kankare bakin ƙashin don ya daɗe a buɗe.

Na ce, "Ya farka?"

"Ya farka. Yana tambayar ko an ajiye masa abinci."

Na sa fuskata cikin hulata. Yaya tana cewa, "Haba Baba, mutane na kallo," ita ma tana hawaye kamar ni.

Da la'asar aka bari muka shiga. Yana kwance, kafaɗar a lulluɓe da farin bandeji, idanunsa sun yi nauyi. Yaya ta fita nemo ruwa. Na ja kujera kusa da gadon. Tun a benci na shirya abin da zan faɗa, amma da na buɗe baki abin da ya fito kaɗan ne.

"Dogo, ni na cuce ka. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon silin, har na zaci barci ya sake ɗaukarsa. Sai ya ce, "Baba, ranar da aka shiga da Mama ina nan fa. Kai kana benci, ni ina bakin taga da kayan makaranta. Ka manta."

Na manta. Wallahi na manta yana wurin.

Ya ce, "Da likita ta ce za a sa ni barci, tsoro ya kama ni. Da ka ce a ɗaure, daɗi na ji. Ranar Talatar nan ma na san an kai kabad, ai ni na taya ɗora shi a mota da hagu. Da ina son zuwa da na tafi, ƙafata ba ta karye ba."

"Amma ramukan…"

"Ramukan kam kai ne," ya ce, ya ɗan yi murmushi. "Sun yi kyau dai. Nas ma ta yaba."

Yaya ta shigo da ruwa, maganar ta tsaya nan, ba mu kuma sake tayar da ita ba.

Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa mini ba, ko kuwa ya ga tsoho a gefen gado ne ya ɗauki rabin kayan ya ɗora wa kansa. Na sha niyyar in tambayi Yaya, don ita ta san shi fiye da ni, amma ina tsoron amsar.

Ƙashin ya haɗe a wata na huɗu. Yatsa ɗaya ya dawo, ƙaramin bai dawo duka ba, in gari ya yi sanyi sai ya riƙa sa hannun a aljihu. Mijin Yaya ya samo masa aiki a wani babban kantin kayan gini, yana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Yana tafiya bakwai da rabi, ya dawo shida. Ba ya gunaguni. Ya ƙara ƙiba kaɗan, kuma ya daina fita gudu da yamma.